Tsakanin GRA da Tudun Hatsi: Tadbirin Raya Sana'a da Arziki a Gombe

Duk wanda ya san birnin Gombe, ya kuma lura da yadda al'amuran mulki ke gudana a cikinsa, ya san cewa mafi yawan shawarwarin da suka shafi arzikin mutanen jihar, tun daga makiyayin da ke kora shanunsa a jejin Dukku har zuwa mai noman rani a bakin kogin Gongola, a unguwa guda ake ƙulla su, wato GRA, inda Gidan Gwamnati ya daɗe, inda kuma manyan ma'aikata da 'yan siyasa da attajirai suka kakkafa gidajensu a ƙarƙashin inuwar dogonyaro. Turawan mulkin mallaka ne suka fara yankar irin wannan unguwa a garuruwan Arewa don su keɓe kansu, suna barin fili fetal tsakanin barikinsu da cikin gari; yau filin ya cike da gine-gine, mazauna unguwar kuwa 'ya'yan ƙasa ne, masu ibada a masallatai da majami'u ɗaya da sauran jama'a. Amma wata tazara ta saura wadda ba a auna ta da taku, ita ce wadda ke tsakanin teburin da ake rubuta tsarin raya ƙasa a kansa da rumfar da ake auna masara da wake a kasuwar Tudun Hatsi. A kan wannan tazara nake so in yi magana, domin a ganina a nan ne asalin mas'alar da masana tattalin arziki suka daɗe suna kai-kawo a kanta yake: ta yaya yankin da aka bari a baya zai koyi sababbin dabarun sana'a, ya ƙirƙiro nasa, har ya kamo na gaba?

Akwai rahotanni biyu na hukuma da ya kamata mai karatu ya ajiye su tare a gabansa. Na farko shi ne na majalisar da fadar shugaban ƙasa ta kafa don sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta auna jihohin Nijeriya a 2021, ta sake aunawa a 2023, a duka biyun kuma Gombe ce ta zo ta ɗaya, abin da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ke alfahari da shi, kuma tana da hujjar yin haka, tun da gyaran da aka yi wa sha'anin takardun filaye da hanyoyin mota abu ne da ido ke gani. Na biyu shi ne na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa wanda ya fito a watan Nuwamban 2022, ya ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato ƙarancin ilimi da lafiya da tsabtataccen ruwa da aikin yi a haɗe, ya kuma lissafa Gombe cikin jihohin da abin ya fi tsanani a cikinsu. Babu wanda ya ƙaryata ɗan'uwansa a cikin rahotannin nan. Ɗaya yana ba da labarin ƙofar da aka buɗe wa mai jari, ɗayan kuwa yana ba da labarin mutanen cikin gida, waɗanda akasarinsu ba su da jarin da za su shiga da shi ta wannan ƙofa.

Masanan Turai da suka nazarci yankunan nahiyarsu da suka koma baya, irin su kudancin Italiya da wasu lardunan Girka da Fotugal, sun lura da wani al'amari mai ɗaure kai, wanda Kevin Morgan na Jami'ar Cardiff da abokan bincikensa suka yi wa bayani a 2002: yankin da ya fi kowane buƙatar kuɗin bincike da sabunta sana'a, shi ne kuma ya fi kowane kasa cin moriyar kuɗin idan an ba shi, saboda masu sana'arsa ba su saba da neman taimakon masana ba, jami'arsa ba ta san masu sana'arsa ba, ma'aikatan hukumarsa kuma sun fi gogewa wajen ba da kwangilar gini fiye da haɗa mutane su yi aiki tare. Bisa irin wannan fahimta ne Tarayyar Turai, a kasafinta na 2014 zuwa 2020, ta gindaya wa yankunanta sharaɗin cewa kafin su karɓi kuɗin bincike sai kowane ya zauna da 'yan kasuwarsa da malamansa, ya tantance 'yan fannonin da yake da asali a cikinsu, ya tattara ƙarfinsa a kansu, maimakon kowane lardi ya dage shi ma sai ya zama cibiyar kwamfuta.

Gombe ba ta buƙatar ƙetara teku don neman wannan darasi, domin ta taɓa aiki da shi tun kafin a rubuta shi a littafi. Lokacin da Modibbo Buba Yero ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa masarautarsa, a Gombe Abba ya zauna, a arewacin ƙasar. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, Turawa suka mai da mazaunin sarauta Nafada a 1913, sa'an nan suka sake ɗauko shi zuwa Doma a 1919, wato inda birnin yake yanzu. A wancan zamani kudancin masarautar, wajajen Akko da Kumo da Deba, ƙasa ce mai faɗi, mai baƙar laka mai riƙe ruwa, amma mutanenta kaɗan ne. Da hankula suka kwanta, hanyoyi suka buɗe, sai manoma suka yi ta kwararowa daga arewacin masarautar, da ƙasar Kano, da Barno, suna sheme daji suna kafa tunga, abin da ya ja su kuwa shi ne auduga.

A nan ya kamata a dakata a duba yadda abin ya kasance, domin a cikin tafsilinsa fa'idar take. Irin da manomi ke shukawa, wanda asalinsa audugar Allen ce da aka shigo da ita tun farkon ƙarnin da ya wuce, a tashar binciken noma ta Samaru kusa da Zariya ake zaɓensa ana tace shi, a kuma raba wa manoma kyauta kowace shekara don kada ya gauraya da wani. Kafin kaka hukuma ta riga ta sanar da farashi, saboda haka mai gona ya san abin da zai samu. An tanadi kasuwannin auduga a ƙauyuka, inda malamin auduga ke duba kaya ya ware lamba ɗaya daga lamba biyu, ta yadda wanda ya tsince audugarsa tsaf ba za a biya shi daidai da wanda ya kawo ta da ƙazanta ba. A 1956 kamfanin BCGA na Turawa masu harkar auduga ya kafa injin gurzar auduga a Gombe, wanda har yau unguwar da ke kewaye da shi ke amsa sunansa, a 1963 kuma layin dogo da aka ja daga Kuru ya nufi Maiduguri ya iso garin. Sa'an nan, wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina, sai garmar shanu. Wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Tiffen, wadda ta yi bincike a masarautar ta wallafa littafi a kanta a 1976, ta nuna cewa himmar manoma da kansu ce ta ɗaga ƙasar fiye da duk wani shiri na ofis: mutum ya sayar da audugarsa, ya sayi bijimai biyu da garma, ya faɗaɗa gonarsa, ya yi wa maƙwabcinsa huɗa da lada, maƙwabcin ya gani da idonsa, baɗi shi ma ya saya. Maƙera suka koyi gyaran garma da ƙera bakinta, dillalan shanu suka sami sabuwar kasuwa, masu motocin ɗaukar kaya suka yawaita.

Ba na cewa wancan zamani na adalci ne. Turawa don masaƙun Lankasha suka damu da audugarmu, hukumar sayen amfanin gona kuwa ta riƙa rage wa manomi haƙƙinsa tana tara rarar a asusunta, sai a 1957 ne ma, da aka buɗe masaƙar Kaduna a ƙarƙashin gwamnatin Sardauna, aka fara saƙa wani kaso mai kauri a gida. Abin da nake nuni da shi shi ne, akwai silsila wadda ba ta yanke ba tun daga ɗakin binciken Samaru har zuwa maƙerar Kumo, kowane mahaɗi a cikinta yana jin motsin ɗan'uwansa, kuma sabuwar dabara ta shiga ne ta ƙofar sana'ar da mutane suka gada, ta ƙara mata ƙarfi, ba ta nemi su watsar da ita su koyi wata ba.

Yadda silsilar ta tsinke labari ne sananne, ba sai an tsawaita ba. Kuɗin man fetur ya janye hankalin hukuma daga gona. An yi yunƙurin gyara a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Bankin Duniya ya zaɓi Funtuwa da Gusau da Gombe don fara shirin raya aikin gona, aka yi hanyoyin karkara da rumbunan taki, aka ɗauki malaman gona, masara kuma ta sami karɓuwar da ba ta taɓa samu ba. Amma da rancen ya ƙare sai motoci suka tsaya, malaman gona suka tsufa ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona ba tare da ta kafa wani abin da zai ɗauki nauyin tace iri da tantance kaya ba, iri ya cakuɗe, daraja ta faɗi. Masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon wannan ƙarni, jirgin ƙasa kuma ya ɗauke ƙafa.

Ko da aka ƙirƙiri jihar Gombe daga Bauci ranar 1 ga Oktoban 1996, manyan abubuwa biyu ta gada waɗanda kowa ke nunawa da yatsa. Ɗaya shi ne kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, wanda aka kafa da haɗin gwiwar kamfanin Blue Circle na Ingila, ya fara aiki a 1979, daga baya ya koma hannun Lafarge, yana kuma ƙona kwal ɗin Maiganga na ƙasar Akko. Ɗayan shi ne madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan Gongola, wadda aka gina a shekarun 1980 da niyyar ban ruwa da samar da lantarki, amma injinan wutarta masu ƙarfin megawat 40 suka jira fiye da shekara 30 kafin su juya. Babu mai hankalin da zai raina ɗayansu: Ashaka ta ciyar da gidaje masu yawa, ta horar da injiniyoyi da makanikai, ruwan da mutanen birnin Gombe ke sha kuma daga Dadin Kowa ake turo shi. Sai dai tambayar da ta dace da maudu'inmu ita ce, ƙananan masana'antu nawa ne suka tsiro a gindinsu, masu ƙera musu kayan gyara, ko masu sarrafa abin da suke fitarwa? Amsar ba ta faranta rai. Babbar masana'anta mai cin jari mai yawa, wadda injinanta da zanenta da masu yanke shawararta duk daga nesa suke zuwa, takan zama inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi.

Italiyawa sun ɗanɗana wannan fiye da kowa. A 1950 suka kafa asusu na musamman don raya kudancin ƙasarsu, suka zuba masa dukiya har zuwa 1984 da aka rufe shi. A shekarunsa na farko, da ya mai da hankali ga hanyoyi da ruwa da gyaran filayen noma, ya yi amfani ƙwarai, amma da aka koma kafa manyan masana'antun ƙarfe da sinadarai, irin na Taranto, sai aka wayi gari da gine-ginen da mutanen ƙasar suka laƙaba wa sunan manyan majami'u a cikin hamada, domin girmansu ya cika ido alhali babu abin da ya haɗa su da sana'o'in garuruwan da ke kewaye da su. Har yau samarin Sisiliya da Kalabiriya arewa suke tafiya neman aiki.

Kishiyar wannan ita ce Almeriya, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Andalus wadda ma'abota littattafan tarihin Musulunci suka san sunanta. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce lardin yana cikin mafi talauci a Sifaniya, busasshe, mai duwatsu, mutanensa suna ta ƙaura. Hukuma ta haƙa rijiyoyi ta raba wa iyalai ƙananan gonaki. Manoma suka riƙi dabarar shimfiɗa taki da yashi a kan ƙasa don ta riƙe danshi. A farkon shekarun 1960 aka gwada lulluɓe gona da leda. Sa'an nan bankin ƙungiyoyin manoman lardin, wanda da ajiyarsu aka kafa shi, ya ga cewa ba da rance kaɗai ba ya isa, sai ya buɗe tashar gwaje-gwajensa ta Las Palmerillas a 1975, don duk kasadar gwada sabon iri ko sabuwar hanyar ban ruwa ta faɗa a kan tashar, kada ta faɗa a kan mai gona ɗaya da iyalinsa. Yau akwai kimanin hekta 30,000 na irin waɗannan gonaki, tumatirinsu da tattasansu na cika kasuwannin Jamus da Ingila cikin hunturu, a kewayensu kuma masana'antun leda da iri da bututu da sufuri sun tsiro. Suna da laifuffukansu, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja da baya, 'yan ci-rani daga Maroko da Afirka ta Yamma da ke aikin gonakin kuma da yawansu na cikin ƙunci wanda bai dace da ɗan Adam ba. Amma ta fuskar da muke magana, duk wanda ya san tarihin audugar Kumo zai ga kamannin nan take.

Magabatanmu ma ba su gafala daga wannan babi ba. Malaman fiƙihu sun lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da ƙira da likitanci, a cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su laifi ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, da zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, a cikin wajiban shugaba. Abin lura a nan shi ne bai ɗauki wannan a matsayin alherin da sarki ke yi idan ya ga dama ba. Ya ɗauke shi rukuni ne na mulki, daidai da tsaron iyaka da tsai da shari'a.

To, idan aka auna Gombe ta yau da wannan ma'auni, me za a gani? Makarantu dai ba su yi ƙaranci ba. Akwai Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 zamanin Danjuma Goje, akwai Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011, akwai tsohuwar kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a cikin birni, akwai kwalejin koyon noman lambu a Dadin Kowa, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a Bajoga da Kaltungo. A ɗaya gefen kuma masu sana'a ma ba su yi ƙaranci ba: masu injinan matse gyaɗa, da masu casar shinkafa, da mata masu ƙuli-ƙuli da turara shinkafa a cikin gidaje, da masu walda da ke ƙera injin sussukar masara daga tarkacen ƙarfe ba tare da sun taɓa ganin zanensa a takarda ba. Abin da babu shi ne hanyar da ta haɗa ɓangarorin biyu. Malamin jami'a ana ƙara masa girma ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallu, ba a tambayarsa injin wa ya gyara; ɗalibi ya rubuta kundinsa na kammala karatu a ɗaure shi da baƙar fata a jera a kanta; mai injin gyaɗa kuwa, wanda mansa ke saurin yin ɗaci bai san dalili ba, bai taɓa tunanin cewa ƙofar sashen kimiyyar sinadarai a buɗe take gare shi ba, kuma gaskiya ba a buɗe take ba.

Bari in ba da misali guda wanda kowane ɗan Tudun Hatsi zai gane. Gombe ƙasar wake ce, daga nan ake loda shi zuwa kudu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya kasuwanninta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, wato irin wanda 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don tsoron ƙwaron wake. Wanda Bature ya ƙi ci kuwa mu muke cinye shi da 'ya'yanmu. Maganin wannan cuta sananne ne: buhu mai ruɓi uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara tare da masu bincike na Afirka, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon guba ba. Haka kuma gubar fumfuna da ke ɓata gyaɗa da masara, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da maganin da ake watsawa a gona don rage ta. Ilimin yana nan, an gama wahalar gano shi. Abin da ya rage shi ne ɗakin gwaji amintacce a cikin Gombe wanda zai auna buhu ya ba da shaida, da dillalan da za su yarda su biya ƙarin kuɗi a kan waken da ke da wannan shaida, da wanda zai ba ɗan kasuwa bashin sayen buhunan, da malamin gona da zai nuna wa mutanen ƙauye yadda ake ɗaure su. Wannan fa shi ne aikin malamin auduga na da, a cikin sabuwar riga, kuma kuɗin da zai ci bai kai na kilomita kaɗan na kwalta ba.

Akwai dabarar da Holan ta yi amfani da ita, wasu ƙasashe suka kwaikwaya, wadda nake ganin ta dace da aljihun jiha kamar tamu: hukuma ta ba ƙaramin mai sana'a takardar shaidar biya ta wani ɗan adadi, wadda ba ta sayen komai sai aikin masani, ya kai ta jami'a ko kwaleji ya ce ga matsalata, idan an warware masa ya miƙa takardar a biya sashen. Hikimar da ke ciki ita ce mai sana'a ne ke zaɓar tambayar, malami kuma ya sami dalilin fita daga harabar makaranta.

Game da fasahar zamani ta intanet da kwamfuta, wadda yanzu ita ce ke fara zuwa bakin kowa idan aka ambaci ƙirƙire-ƙirƙire, ina da ra'ayin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Gombe ta ba Nijeriya ministan sadarwa, Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a watan Oktoban 2022, kuma samarinmu da suka koyi rubuta manhaja ba su gaza na ko'ina ba. Amma jarin wannan fanni a Legas ya taru, a can masu zuba kuɗi da manyan abokan ciniki suke, saboda haka yaron da aka horar a ɗakin kwamfuta mai sanyi a Gombe, idan babu wanda zai sayi aikinsa a gida, gwanintarsa ita ce za ta zame masa guzurin tafiya Abuja ko Legas, jiha ta biya kuɗin tarbiyya wata ta ci amfani. Ba hana horarwar nake nufi ba, Allah ya kiyaye. Nufina a ɗaura ta a jikin buƙatar da ke ƙasa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani suka fara komawa ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wa zai girka shi, wa zai gyara shi idan ya lalace a tsakiyar rani, wa zai tsara yadda manomi zai biya kaɗan-kaɗan ta wayarsa? Duk waɗannan ayyukan fasaha ne, kuma ba za a iya yin su daga Legas ba.

Babban abin da gwamnati mai ci ta sa a gaba shi ne filin masana'antu na Muhammadu Buhari a Dadin Kowa, mai faɗin hekta 1,000, kusa da ruwa da tashar lantarki. Zaɓen wurin akwai basira a ciki, musamman ganin cewa gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki na 2023 sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma duk wanda ya zauna cikin duhun da ya rufe Arewa maso Gabas a 2024, lokacin da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, ya san darajar wutar da ake samarwa a gida. Matsayin jihar ma yana taimakawa, domin ita kaɗai ce ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na shiyyar, Barno da Yobe da Bauci da Taraba da Adamawa, ta kuma sami sauƙin fitinar da ta ɗaiɗaita maƙwabtanta, ko da yake ita ma an taɓa ta a Ashaka a 2014 da cikin birni a 2015. Amma fili da katanga da fitilu ba su ne ke yanke hukuncin ko wurin zai bi hanyar Taranto ko ta Almeriya ba. Sharuɗɗan da aka rubuta a yarjejeniya da mai zuba jari su ne ke yankewa. Shin an wajabta masa sayen wani kaso na ɗanyen kayansa daga ƙungiyoyin manoman Yamaltu Deba da Balanga, da farashin da aka sani tun kafin shuka? Shin zai ɗauki ɗaliban Bajoga su koyi aiki a kan injinansa? Shin an ware wani yanki na filin, mai arhar haya da wuta tsayayya, don ƙananan masu casa da matsa su shiga su zauna kusa da manya su ga yadda ake yi? Waɗannan tambayoyi ba za su taso ba matuƙar waɗanda ke zaune a teburin shawara a GRA ma'aikata ne da baƙin masana kaɗai, babu shugaban 'yan hatsi, babu sarkin maƙera, babu wakiliyar mata masu sarrafa gyaɗa, kuma ba zaman bikin buɗe taro nake nufi ba, zaman da ake duba kasafi layi-layi.

Man fetur ɗin Kolmani, a kan iyakar Gombe da Bauci, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a watan Nuwamban 2022, ina roƙon Allah ya sa ya zama alheri, amma kada a gina lissafi a kansa; mutanen Neja Delta sun fi mu sanin abin da rijiyar mai ke yi wa ƙauyen da ke kusa da ita. Hukumar Raya Arewa maso Gabas kuwa, wadda dokar 2017 ta kafa, da gwamnonin shiyyar shida, da za su yarda su raba fannoni a tsakaninsu, wannan ta riƙi binciken kifi da tafkin Chadi, waccan ta riƙi dabbobi da madara, Gombe ta riƙi hatsi da mai da lambu, da ɗan abin da ke hannu ya fi yin auki fiye da yadda kowace jiha ke gina irin abin da maƙwabciyarta ta gina.

Saura batun ɗorewa, wanda shi ne ya kashe shirin Bankin Duniya, ya kuma jinkirta wutar Dadin Kowa. Jihar tana da tsarin raya ƙasa na shekara goma, daga 2021 zuwa 2030, wa'adin gwamnatin da ta rubuta shi kuwa a 2027 zai cika. Sabon iri yakan ɗauki shekaru kafin manoma su amince da shi, ɗakin gwaji yakan ɗauki shekaru kafin masu saye na nesa su yarda da hatiminsa, duk kuwa sun fi wa'adin gwamna ɗaya tsawo. Don haka nake ganin Majalisar Dokokin jihar ce ya kamata ta ɗauki wannan nauyi, ta kafa asusun bincike da sabunta sana'a da doka, ta yanka masa ƙayyadadden kaso daga kuɗin shigar cikin gida, ta sa rabin masu kula da shi su fito daga ƙungiyoyin manoma da masu sana'a da zaɓen 'yan'uwansu, ta kuma wajabta masa kawo rahoto gabanta kowace shekara, wanda zai faɗi injina nawa aka gyara, buhu nawa aka gwada, malaman gona nawa aka ɗauka, da ƙauyukan da aka tura su.